Sumau Ya Zo Aron Hannu

Tun ranar da Kaka ta yanke yatsa da wuƙar yankan albasa, jikanta ya ga jini, shi kuma ya sulale ƙasa kamar jiƙaƙƙen zani, sunansa ya koma Sumau. Ya yi ta rantsuwa santsin tabarma ne ya kwashe shi. Kaka ta ce ita dai ba ta taɓa ganin tabarmar da ke juya wa mutum ido sama ba, balle ta sa shi ya farfaɗo yana kiran uwarsa. Gida ya kwashe da dariya, shari'a ta ƙare, suna ya zauna. Shi ya sa da aka ce Sumau ya shiga makarantar koyon jinya, tsohuwar nan, wadda ita ma a farin kayan nas ta tsufa, sai da ta riƙe ciki.

Yau ga shi a ƙofar ɗakinta da jaka a rataye, fuska ba walwala. Ya faɗi gwajin awon jini a aji. Gobe malamarsu za ta sake gwada shi, in ya kuma faɗi, 'yan ajinsu za su shiga asibiti koyon aiki, shi ya maimaita shekara.

"Lafiya lau, Angona," in ji Kaka. "Shigo ka zauna kafin ka faɗi, na ga akwai tabarma."

"Amarya, har yanzu kina nan? Na ɗauka an gaji da ke an mayar da ke gidanku."

"Ina nan daram, sai na ga marar idon da za ta yarda da kai. Me ya kawo ka?"

"Hannu na zo aro."

"Wanne? Na mari ko na cin abinci?"

"Na awo. Gobe ne gwajin, Kaka."

Ta dube shi ta ƙasan tabarau. Ya zaro na'urar awo da abin sauraron ƙirji, ya miƙo hannu zai kama damtsenta. Ta make shi.

"Kai! Akuya ka samu a turke? Ina wankin hannu?"

"Na wanke da safe."

"Ni ma na yi wanka bara. Tashi!"

Ya je ya wanko, ya dawo yana ƙunƙuni.

"To gaishe ni. Faɗa min ko kai wane ne, da abin da za ka yi min."

"Ke da kika yi min wanka ina jariri ba ki san ni ba?"

"Ni majinyaciya ce, ban taɓa ganin wannan dogon wuyan ba. Mutum na kwance yana tsoro, ka faɗo masa ba sallama, ai kai ne za ka hau masa da jinin kafin ka auna. A aji ina kake zama?"

"Can baya, kusa da taga."

"Na sani! Wurin masu gyangyaɗi. Koma gaba, inda malama za ta riƙa yi maka yayyafin miyau. Abin da ba ka gane ba ka tambaya a take, a yi maka dariya a aji ya fi a yi kuka a gadon asibiti. Ka nemi aboki mai karatu, ba mai gyaran gashi irinka ba. Ka karya kumallo kafin ka shiga ɗakin marasa lafiya, don ba su da gadon ba ka aro. Kuma wannan takalmin mai tsini, yini guda a tsaye zai sa ka tuba."

"Zamaninku ai da ƙaho kuke awo."

"Da ƙahon nan na karɓi haihuwarka. Ɗaura!"

Ya naɗa mata maɗaurin a damtse, ya sa abin sauraro a kunne, ya matsa 'yar robar har maɗauri ya kumbura, ya sassauta iska. Shiru. Ya sake. Shiru dai.

"Ban ji komai ba."

"Shi ke nan, na rasu. Je ka faɗa wa uwarka, ka ce kar a ba maƙwabciya zannuwana."

"Kaka, ba wasa nake ba. Haka aka yi min a aji. Da na ji shiru sai na faɗi wata lamba kawai."

Dariyar ta ɗauke daga fuskar tsohuwa.

"Ka ƙirƙiro? Da ni ce malamar, da ƙafa zan kore ka. Saurara, Sumau. Abin da ba ka ji ba, ka ce ba ka ji ba. Abin da ka ji kuwa, ko wa zai ɓata wa rai, ka faɗe shi. A kan maganarka likita zai ba da magani. Matso nan in ga kan nan naka."

Ta kamo kunnensa, ta leƙa, ta buga cinya.

"Wayyo ni! A baibai ka sa! Bakin ƙarfen gaba yake kallo, wajen hancinka, ba ƙeya ba. Ƙeyarka kake saurara, ina za ka ji motsi a wurin da ba kowa?"

Ya juya shi, ya sake matsawa. Can sai idonsa ya buɗe. Dum, dum, dum.

"Na ji! Wallahi na ji! Ashe kina da zuciya!"

"Tun kafin ka yi hanci."

Amma murnar ba ta daɗe ba. Ya dubi allurar na'urar, ya bari Kaka ta huta, ya koma ɗaya hannun ya sake aunawa a natse, ba rawar jiki.

"Kaka, jininki ya hau. Sosai ma."

"Ganinka ne. Duk wanda ya ga fuskar nan dole jininsa ya hau."

"Ina maganinki?"

"Na sha."

Ya ɗaga matashin da take jingine da shi. Ga ƙwayoyi nan a cikin ledarsu, ko ɗaya ba a ɓalle ba.

"Ɗan nan, ba a yi wa amarya bincike. Kar ka kai wa uwarka, za ta hana ni gishiri, ta kwashe ni asibiti yara su yi ta latsa ni."

"Ɗazu wata tsohuwa ta ce min abin da na ji in faɗe shi, ko wa zai ɓata wa rai."

"Tsohuwar nan surutu gare ta, kar ka biye mata."

Ya zuba ruwa a kofi, ya ɓallo ƙwaya, ya tsaya a kanta ya miƙa mata. Ta harare shi, ta harari kofin, sai dariya ta ƙwace mata. Ta haɗiye tana yatsine fuska. Sannan ta jawo gwangwanin maɓallai, ta tono tsohon agogonta na ƙirji, wanda ta yi aiki da shi har ta ajiye, ta maƙala masa a riga.

"Ka ci gwajin. Gobe ka je ka maimaita wa malamar. Amma kar kanka ya kumbura, har in mutu Sumau ne sunanka."

Ya gyara zaman agogon, ya ɗauki jakarsa.

"Ni ganin jini ne ya kayar da ni, Amarya. Ke kuwa in kika sake ɓoye maganin nan, naki ne zai kayar da ke, kin ga sai mu raba sunan biyu."