Wakilin Ango Mai Kuka a Lasifika

Ba zan taɓa mantawa ba da Juma'ar da na fashe da kuka a lasifika, a tsakiyar ɗaurin auren da ba nawa ba. Ni fa, da ko ranar jana'izar matata sai da mutane suka yi ta mamakin taurin zuciyata.

Matar tawa, Hajiya, ba ta shekara da rasuwa ba aka gano ina da ciwon daji na furostet, wannan ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Babban likitan asibiti ya ɗora ni a kan wata allura mai danne sinadarin mazantaka, wai shi ne abincin ciwon. Ya yi bayani, ba zan yi masa ƙarya ba, amma tun da ya furta kalmar daji kunnena ya toshe. Na dawo gidana a Lugbe, nan Abuja, na rufe ƙofa, na ƙudurta babu mahaluƙin da zai sani. Yaranmu biyu na can, ɗaya a Kano ɗaya a ƙasar waje, kowa da hidimarsa. A ma'aikata kuwa ni ne Oga Darakta, ban shirya komawa “Allah sarki, Oga” ba.

Sai zufa ta fara. Ina zaune cikin sanyin esi sai in ji kamar an hura murhu a ƙirjina, kafin ka ce kwabo riga ta jiƙe sharkaf. Ƙirjin ma ya ɗan tasa yana ciwo (wannan ko madubi ban yarda mu tattauna da shi ba). Ga saurin hawaye. Wata rana tallan madara aka nuno a talabijin, uwa tana ba ɗanta shayi, sai ga ni ina share ido ni kaɗai a falo.

Na garzaya wurin likitanmu na unguwa, Dakta Sunday, wanda ya daɗe yana duba gidanmu, mutumin kirki ƙwarai. Na gaya masa har da batun allurar.

“Oga, wannan maleriya ne,” in ji shi da Hausarsa ta Abuja. “Allura yana aikinsa a ƙasa, zufa kuma daga sama ne. Ba ruwansu da juna.”

Na sha magani, shiru. Na koma, ya ce taifot. Na sha ƙwayoyi har fitsarina ya sauya launi, zufa na nan daram. Daga nan na yanke wa kaina hukunci cewa ciwon ne ya bazu, tafiya ta zo. Tsoro ya kama ni sosai, kuma babu wanda zan gaya wa.

Ana haka Nura, wani ma'aikacin ofishinmu da mahaifinsa ya rasu, ya roƙe ni in zama wakilinsa a ɗaurin aurensa. Ina zan ce a'a? Na ɗauko shadda mai sitaci, babbar riga da 'yar ciki, na kafa hula, na nufi wani masallaci a Durumi ina baza ƙamshi.

Bayan sallah liman ya miƙo mini makirufo. Aikin bai wuce jimla ɗaya ba. Na gyara murya na ce, “Ina nema wa ɗana Nura auren...”

Murhun ya tashi. Zufa ta tsinke daga ƙarƙashin hula tana ɗiga a kan makirufo. Kalmar “ɗana” kuma ta tuna mini da nawa yaran da ba su san komai ba. Wallahi ban san lokacin da kuka ya ƙwace ba. Ba irin na dattawa mai hawaye ɗaya ba, a'a, mai shessheƙa da majina, lasifika kuma tana kai shi har bakin titi, inda masu sayar da rake suka tsaya cak suna saurare.

Waliyyin amarya ya rikice, ya kamo hannuna yana cewa, “Mun ba ku, Alhaji, mun ba ku! Yi haƙuri!” (Ko sunan yarinyar ban kai ga faɗa ba.) Wani tsoho a bayana ya yi raɗar da kowa ya ji: “Anya ba shi ma yana ciki ba?” Da ƙasa za ta tsage, da na shige har da hular.

Kafin Litinin labari ya zaga ma'aikata. Wasu suka sa mini Oga Mai Tausayi, wasu suka tsaya a kan maganar tsohon nan. An yi dariya, an yi ba'a, amma ko mutum ɗaya bai ce “Oga, lafiya kuwa?” ba. Wannan ya fi kukan yi mini ciwo.

Na koma wurin Dakta Sunday a fusace, na ce ya kira babban likitan a gabana. Ya kira. Ina kallo fuskarsa tana sauyawa. Da ya ajiye waya sai ya sunkuyar da kai.

“Oga, ka yafe ni, ban sani ba. Duk allura ne, zufa, ƙirji, har kuka. Ciwo bai bazu ba. Irin abin da mata suna yi ne in al'ada ya ɗauke.”

Ya kamata in yi murna, na kuma yi hamdala. Amma Hajiya ce ta faɗo mini a rai. Akwai shekarun da ba ta rabuwa da mafici, esi na aiki tana fifita, ni kuma ina tsokanarta, “Hajiya sarkin raki.” Da na koma gida na buɗe durowarta, ga maficin nan, na kaba, bakinsa ya fara zarewa.

Darasi dai na koya: in likita ya fara tsalle daga maleriya zuwa taifot, ka sa shi ya kira ɗan'uwansa likita, kuma kada ka karɓi makirufo cikin shadda mai sitaci. Sirrina yana nan, na riƙe shi gam, har rabin ma'aikata sun yarda amaryar Nura nake so. Wadda za ta gane abin da kallo ɗaya, ta kuma rama dariyarta son ranta, ba ta nan. Sai in zauna a falo da maficinta, esi na aiki, ina fifita.