Yadda Za Ka Ramar da Jirginka Har Doka Ta Daina Ganinsa

Doka ta ce duk jirgin wasan da ya kai giram 250 sai an yi masa rajista, an kuma liƙa masa wata 'yar na'ura mai shelar inda yake da inda ya tashi. Wanda bai kai ba, babu ruwan kowa da shi. Bi matakan nan. Na ba ka tabbaci babu hukumar da za ta sake waiwayar jirginka.

1. Yi rantsuwa a gaban dattawa

Je inda tsofaffin ƙungiyar masu tashin jirgi ke shan kofi ranar Asabar. Kai ne sabo, babu mai jin taka. Bari sai Merle Hostetler, shugabansu, ya fara mita a kan dokar, sannan ka buga tebur ka ce, "Ni dai gwamnati ba za ta bi sawuna ba. Jan jirgina zai tashi ba na'ura."

Merle zai dube ka ta saman tabarau. "To, jarumi. Wayar da ke aljihunka fa, ta kakarka ce?"

Kada ka yi dariya. Namiji ba ya dariya a kan aƙidar da ya samu yanzu-yanzu.

2. Auna shi

Sikelin fulawar mahaifiyarka ya isa. Jirgin da ka kwashe watannin sanyi kana haɗawa a gareji, yatsunka duk gam, zai nuna ya zarce sosai. Zargi sikelin.

3. Fara da abin ado

Kankare jan fentin. Cire ɗan matuƙin robar da ka yi wa gashin baki da hannunka. Cire tayoyin, sauka a kan ciki ma sauka ce.

Mama za ta leƙo. "Colby, me jirgin nan ya yi maka?"

Ce mata, "'Yanci ne, Mama."

"To, 'yancin ya wanke min sikeli idan ya gama."

4. Tuna da batir

A nan masana irina ke faɗuwa. Za ka ga lamba ta sauko, ka yi tsalle, sannan ka hango batir a gefe yana kallonka. Da shi ake aunawa. Zauna a ƙasa na ɗan lokaci. Ya halatta.

5. Shiga ciki

A cikin fiffike akwai wata siririyar sanda. Ba a ganinta, ba ta motsi, ba ta ƙara. Abin da ba ya ƙara kuwa ba ya aiki. Zare ta. Sikeli zai yarda da kai a ƙarshe.

6. Tashi

Kai shi filin ƙungiya. Dattawa za su jera kujerunsu. Wurga shi sama da hannu. Zai tashi, kuma wallahi bai taɓa sauƙi haka ba. Juya shi kwana ɗaya mai kyau don su gani.

Fikafikan za su haɗu a sama, tas, kamar sun tafa maka. Daga nan sai ya rikito cikin gonar masarar da ke gefen filin.

7. Tsinta

Merle zai taya ka, duk da ciwon gwiwarsa. Zai miƙo maka rabin wutsiya ya ce, "Samari, ka san filin nan namu yana cikin waɗanda aka yafe wa na'urar ko? Da tayoyinsa da komai, da ka tashi abinka."

Tambaye shi me ya hana shi faɗa.

"Ka yi rantsuwa mai kyau. Ban so in ɓata maka ba."

Gargaɗi: ban ɗauki alhakin jirginka, watanninka ko masarar kowa ba. Na yi alkawarin doka za ta rabu da kai, kuma ta rabu da ni. Babu sashen dokar da ya yi magana a kan abin da ake kawowa gida a leda.