Tsinke Biyu, Kwalbati Ɗaya

Ranar Lahadi amalankena ya kife a kwazazzabon bakin ƙauyenmu, ina hanyar kai albasa kasuwar Illela. Buhu shida suka gangara, na bi su da gadon baya. Jakin ne kaɗai ya fita da mutuncinsa.

Na dawo gida a duƙe kamar mai ruku'u, na tarar ɗiyata Humaira, mai karatun jinya a Sakkwato, ta zo hutu. Ta shafa mini magani. Da yake ɗalibi ba ya ganin majinyaci ya ƙyale, sai ta karyo tsinken tsintsiya biyu, ta ce in rufe ido. Ta ɗora su a kan yatsana.

"Baba, nawa kaj ji?"

"Biyu."

Ta koma gadon baya. Na ce, "Guda."

"Biyu na, Baba."

Ta ce wai ƙwaƙwalwa rabon fili take yi wa sassan jiki, kuma ba ta duba girma. Yatsu da leɓe da harshe sun kwashi makeken fili, baya duk faɗinsa ɗan lungu aka ba shi. Shi ya sa in an soke shi wuri biyu kusa da juna, can sama ɗaya ake ji, a tsakiya.

Nan take na yafe wa Mai Girma Babban Mai Sauraron Koke, wanda na daɗe ina cin namansa. Shekara uku ke nan da muka kai masa takarda a yi mana kwalbati. Ƙauyen su aminina Hamidu, tafiyar rabin awa daga namu, su ma suka kai tasu don nasu kwazazzabon. Bara aka gina kwalbati ɗaya, mai kyau, har da fenti, daidai tsakaninmu, a gonar geron Malam Abu, inda ba ruwa ba hanya. Awaki na shan inuwa a ciki. Ashe ba mugunta ba ce, abin da bawan Allah ya ji ke nan. Ranar buɗewa kuwa an yi jawabin awa biyu, an ci rago, harshe da leɓe suka karɓi kasonsu cif yadda ilimi ya tanada.

Sai dai damina saura wata guda. Ruwa na sauka kwazazzabon zai cika, albasar da na ajiye ta ruɓe a kan idona, kuma ita ce abincin gidana na shekara. Wallahi ina jin tsoro.

Da Hamidu ya zo duba ni, a gabansa na tambayi Humaira, "To mi za a yi baya shi ji biyu?"

Ta ce, "Sai an ware tsinken, Baba, kamar hwaɗin yatsa ukku."

Hamidu ya ce, "Ashe laihinmu na, Attahiru. Kusa munka zamna."

Yanzu dai muna roƙon dattawansu su matsar da ƙauyensu gaba kaɗan kafin ruwan farko. Sun ce mu ya kamata mu matsa, tunda mu ke da amalanke.