Gaisuwar Mutuwar Nomau, a Gaban Nomau

Ba zan taɓa mantawa da kakar girbin farko da na yi a lakwal, wato makarantar boko, ta Madarumfa ba, ko da ƙwaƙwalwata ta zubar da sauran duka. Zamanin Faransa ne, ba a daɗe da soke aikin tilas ba. Ni ɗan Maradi ne, karatuna bai wuce firamare ba, amma da yake malamai sun yi ƙaranci sai aka ba ni aji, yara suna ce mini Mushe, wato malam da Faransanci. (Wata biyu na yi ina waiwaye in an kira sunan, ina neman Mushen.)

Ni mutum ne mai fargaba. In darekta, shugaban lakwal, ya gaishe ni da murmushi sai in kwana ina tunanin abin da na yi. Babban tsorona shi ne yara su gudu, don a lokacin ba mai kawo ɗansa lakwal da son ransa, kuma an gaya mini in aji ya zube, Mushe ma ya zube. Ɗa guda muke da shi daga wani ƙauyen Arna a hanyar Gabi, sunansa Tanko. Darekta ya sha wuya kafin ubansa Nomau ya sake shi, kullum kuma yana ja mini kunne: in Tanko ya tafi, ba za mu ƙara ganin ɗan ƙauyen nan ba.

A makon nan ina koya wa yara abin da nake taƙama da shi, wato gane abin da littafi bai faɗa ba. In an rubuta mutum ya shigo riga jiƙe, mai hankali ya san an yi ruwa, ba sai an gaya masa ba. Na maimaita musu har na gaji: jaki ne kawai ake yi wa bayani.

Sai Tanko ya daina zuwa. Muka fara jin ganga daga wajen ƙauyensu. Na ga mata daga Safo suna wucewa da ƙorai a ka. Na ce to, ga darasi ya kawo kansa. Na rubuta waɗannan a allo, na tambayi yara wa ya ga wani abu. Wani yaro, Ilu, ya ce da guntun Faransancinsa ya ga ana haƙa rami a gidan Nomau.

Na ajiye alli, na ce: "Kun gani? Ba wanda ya gaya mana, amma mun karanta. Uban Tanko ya mutu."

Ilu ya ɗaga hannu, ya fara: "Mushe, ai ba..." Na nuna masa sambol, ƙashin jakin nan da muke rataya wa duk wanda ya yi Hausa a aji. Ya buɗe baki yana neman Faransanci, bai samu ba, ya zauna. (Allah ya jiƙan Ilu. Da na bar shi ya ƙarasa, da yau ba ni da labari.)

Daga nan fargaba ta karɓi ragama. Kwana nawa da rasuwar, malamin ɗansa bai je gaisuwa ba? Da wane ido za su mayar mana da yaron? Darekta ya tafi Maradi, ba mai hana ni. Na sa kakina fari, na jera yara biyu-biyu, muka kama hanya. Duk tafiyar ina fama da wata matsala: ya halatta in roƙa wa Arne gafara? In ban roƙa ba, ba za su ji haushi ba? Yaran kuwa sai tsalle suke, ina daka musu tsawa kan rashin tausayi.

Muka iske taro ba masaka tsinke. Tukwanen giya, nama a wuta, damman hatsi an tara su kamar dutse. Na ce a raina, lalle Arna sun iya makoki. A tsakiya ga wani dattijo ƙaƙƙarfa cikin babbar riga, kowa na durƙusa masa. Ban taɓa ganin Nomau ba, don haka na sake yin karatu: wannan wan mamacin ne. Na tuɓe takalma, na tsuguna, na karya murya, na ɗaga ta yadda kowa zai shaida lakwal ta zo.

"Baba, sannunku da rashin Nomau. An yi babban rashi. Allah shi ba ku haƙuri, shi raya abin da ya bari."

Ganguna suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji. Dattijon ya dube ni tun daga hula har yatsun ƙafa.

"Yaushe ya mutu?"

"Ina jin shekaranjiya, Baba."

"To ni dai ba a hwaɗa mini ba."

A lokacin na hango Tanko bayansa, da ƙashin rago a hannu, kamanninsu ɗaya kamar an tsaga kara.

Bikin dubu Nomau yake yi. Manomin da ya sami dami dubu yakan tara jama'a ya ciyar da su, a naɗa shi Sarkin Noma, ramin kuwa na al'adar bikin ne. Abin da ya fi muni, su a wurinsu wanda ya yi dubu ba ya daɗewa a duniya, shi ya sa ba mai ambaton mutuwa ranar. Sai ga ni, da fararen kaya da yara a jere, na zo da ita tun daga Madarumfa.

"Ɗan lakwal," in ji Nomau, "abin ga kake koya wa ɗana? Ka kashe ni da Hausa. Tashi ka raya ni da bakin Nasara, in ko ba ka iya ba, Tanko ya gama lakwal."

Kirari yake so, da Faransanci. Na miƙe, kaina fayau. Abin da ya zo mini kawai shi ne sunayen kogunan Faransa da muka haddace. Na ɗaga hannu na fara zubo su da ƙarfi, yara suka ɗauka a bayana da waƙa kamar yadda suka saba. Maroƙin Nomau bai ɓata lokaci ba, ya shiga fassara: "Ya ce kai ne giwa. Ya ce Nasara ma sun san gonarka." Makaɗa suka kama. Sai da na zagaya kogunan nan har muryata ta dushe kafin Nomau ya yi dariya, ya ce a ba ni cinya.

Tanko ya dawo aji ranar Litinin. Ni kuwa daga ranar na ɗauki ran Nomau a wuyana. In na ji ya yi tari sai abinci ya gagare ni. Mutumin da na yi ta shakkar roƙa wa gafara, na koma ina roƙa masa tsawon rai bayan kowace salla, fiye da yadda na yi wa ubana. Shi ko duk ranar kasuwa in ya hango ni sai ya kira: "Mushe, ga gawarka ta zo sayen gishiri." Ya yi haka shekara da shekaru, har furfura ta fito mini a kan lafiyarsa.

Ban daina koya wa yara gano abin da ba a faɗa ba, don abu ne mai amfani. Na dai ƙara musu sharaɗi guda: a littafi ka yi hasashenka yadda kake so, mutanen ciki ba sa jin ka. Amma kafin ka je gaisuwar mutuwa, tambayi wanda za ka gaisar sunansa.