Saukar Kuskure a Tsibirin Farko

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na fara shiga jirgin fito ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta, har na roƙi iyalina su taya ni. Sun ƙi. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta labarin da hannuna, a tsare, kafin wanda matata take bayarwa a zumuntar mata ta cocinmu ya zama shi ne sahihi.

Shekara ashirin da bakwai ke nan ina aiki a ofishin rajista na wata ma'aikata a Maiduguri, kuma fayil bai taɓa ɓata a hannuna ba. (Akwai ɗaya da ya yi kwana uku ba a gan shi ba, amma a motar darakta aka tsince shi, kuma da rubutacciyar shaida a kan haka.) Duk shekara ina cika takardar hutu a kan lokaci, a amince mini, sannan in ci gaba da zuwa ofis, domin na san abin da zai sami kantocin fayil ɗin nan idan na juya baya. Matata, Maman Rifkatu, ta jure wannan hali tun muna ɗaki ɗaya a unguwar Umarari har muka gina namu. Burinta guda ne, ta ga teku da idonta. Ruwa mafi girma da ta taɓa tsayawa a bakinsa shi ne kogin Ngadda na garinmu da damina.

Bara 'yarmu Rifkatu, wadda take aikin jinya a Legas, ta aiko mana da tikitin jirgin sama ba tare da ta nemi shawarata ba. Kwana huɗu za mu yi. Ranar Asabar kaɗai take da hutu, Lahadi kuma mu koma gida. A wannan Asabar ɗin ce ta shirya kai mu wani tsibiri mai faffaɗan rairayi da ke fuskantar teku sosai, wanda ba a zuwa sai ta ruwa.

Da safe, ina ɗaura agogo, Maman Rifkatu ta tsaya a gabana ta miƙo hannu.

"Kawo wayar."

Na ba ta. Ta jefa a jakarta.

"Baban Rifkatu, yini ɗaya nake roƙo a wurinka. Kada ka gyara wa kowa aikinsa. Kada ka tambayi kowa sunan shugabansa. Idan ka ga abin da bai yi maka ba, ka kalli ruwa."

Na yi alkawari, kuma ina so a san cewa na riƙe shi har kusan awa biyu.

Ba ƙaramar jarrabawa na sha a tashar jiragen ba. An miƙo mana takardar sunayen fasinjoji, na ga wani ya rubuta harafi ɗaya tak a matsayin sunansa, wani kuma a gurbin wanda za a nema idan wani abu ya faru ya rubuta "babu". Na buɗe baki, Maman Rifkatu ta dube ni, na kalli ruwa. Aka ba mu rigunan kariya masu ruwan lemo, tawa igiyarta ɗaya ta tsinke an ƙulla. Na sake kallon ruwa. Na ɗora rigar a kan safarina mai ruwan toka, na rungume fayil ɗin da na zuba takardun tafiyarmu, na shiga.

Uwa da 'ya suka wuce can gaba suka kama taga. Ni na zauna a baya kusa da ƙofa, na ce musu iska nake so. (Gaskiyar magana, tsoro nake ji. Ban taɓa zama a kan abin da ƙasansa ke motsi ba.) Jirgin ya ja, ruwan ya tashi daga ruwan ƙasa ya koma kore, muka wuce ta gefen wasu jiragen dakon kaya da kowannensu ya fi ginin ma'aikatarmu tsayi. Na kafa ido a kan ƙeyar mutumin da ke gabana ina addu'a a zuci.

A nan dole in yi wa wanda bai san garinmu ba bayani. Mu da muka yi shekaru muna bin hanyar Damaturu da hanyar ƙauyenmu a kudancin Borno, akwai abin da jikinmu ya haddace. Idan mota ta rage gudu, ka hangi ƙarfe a gicciye da masu kaki, ba ka jira a ce maka komai. Maza su sauka, katin shaida a hannu, a taka a layi a wuce shingen, direba ya lallaɓo ya kwashe ku a gaba. Tsofaffin mata da masu goyo akan bar su a mota. Wanda ya yi nawa kuwa, shi ya jawo a tsare kowa a rana. Ba a tunani a kan wannan. Ƙafa ce take yi da kanta.

To, bayan kamar minti ashirin sai ƙarar injin ta sauka. Muka matso wani dogon dandamali na katako da ya bi gefen wani tsibiri. Ga matakala inda muka tsaya, ga wata can gaba, a tsakaninsu kuma ƙarfe a gicciye da mutum biyu cikin kaki. Mutane kaɗan suka ɗauki kayansu suka fita. Sauran maza, ƙarti da lafiyarsu, suka ci gaba da latsa waya kamar ba su ga komai ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ga mace ta yi shekara ashirin da bakwai tana jiran wannan rana, ga waɗansu za su sa a tsare mu saboda rashin tarbiyya. Na leƙa gaba, na ga ɗankwalin Maman Rifkatu a taga, hankalinta na kan ruwa. Na ce a raina, ba sai na tayar da ita ba, ai ta kai shekarun da ake bari a mota. Sai na juya ga wasu samari uku da ke gefena, waɗanda suka shigo da kular abinci da ƙwallo, na yi musu magana ƙasa-ƙasa da Turancin da nake rubuta wasiƙar gargaɗi da shi.

"Samari, ku tashi. Maza za su sauka da katin shaida. Kada ku ɓata wa mutane lokaci."

Suka dubi furfurata, suka dubi fayil, suka dubi biro uku da ke leƙowa daga aljihun safari. Ashe su ma baƙi ne, ranar suka fara shiga jirgin. Suka miƙe ba musu, suka bar kularsu a ƙarƙashin kujera.

Haka muka fita a jere, ni a gaba, kati a ɗage daidai kafaɗa, ɗaya hannun rungume da fayil a inda kowa zai gan shi. Muka zagaye ƙarfen. Masu kakin suka bi mu da ido, ba wanda ya karɓi kati ya duba. (Na lura da wannan sakaci, na kuma yi niyyar ambatonsa a inda ya dace.) Muka isa matakala ta biyu muka tsaya.

Jirgin ya ja da baya.

"Juyowa zai yi," na ce wa samarin. Na duba agogo, na ciro ɗan littafina na rubuta lokaci.

Jirgin ya juya ɗin. Ya miƙe hancinsa wajen sararin ruwa, ya ƙara wuta. Na tsaya ina kallon ɗankwalin matata yana ƙanƙancewa, ko waiwaye ba ta yi ba.

Mafi tsayi a cikin samarin ya yi gyaran murya.

"Oga, kai a wane ofishi kake?"

"Rajista."

"Rajistar jiragen ruwa?"

"A'a. Wata ma'aikata ce a Maiduguri."

Abin da ya biyo baya ba zan rubuta shi ba, ko da yake ina riƙe da shi kalma bayan kalma. Da harshe uku aka yi shi, kuma shinkafarsu da kajinsu da suka tafi teku ba su sun fito a cikinsa sau da yawa.

Ana cikin haka ɗaya daga masu kakin ya tako a hankali, wani siriri mai tsagar Barebari a kumatu. Ya tsaya ya ƙare mini kallo, sai na ji gaisuwar Barebari da Hausa irin ta gida.

"Wushe, Baba. Daga Maiduguri, ko?"

"Yaya aka yi ka sani?"

"Sauke hannun tukuna."

Sai a lokacin na lura har yanzu katin yana sama.

"Sunana Modu, ɗan unguwar Fezzan ne ni," ya ce. "Shekara shida ina gadin wurin nan. Ƙarfen can na 'yan acaɓa ne, don kada su hau katako da babur. Kai ne mutumin gida na uku da ya yi mini haka." Ya dubi samarin, ya sake dubana. "Amma kai ne na farko da ya sauko da mabiya."

Abokin aikinsa ya nemi a fassara masa. Aka fassara. Mutumin ya zauna a kan ƙarfen ya riƙe ciki. Modu kuwa bai gama da ni ba, ya kama igiyar rigar kariyar da ke jikina ya ce, "Wannan kuma ta jirgi ce, Baba. A ciki ake barin ta." Wato ni, da ban taɓa fita da ko allurar maƙale takarda daga ofis ba, na tsere da kayan mutane a wuyana da rana tsaka. Wannan ya fi zagin samarin yi mini ciwo.

Modu ya ara mini wayarsa. Lambar matata tana kaina, kamar lambobin fayil. Ta ɗauka, iska na kaɗawa a bayanta.

"Wa ke magana?"

"Ni ne."

"Kai wa? Baban Rifkatu? Ba kana baya ba?"

Ashe ba su ma san ba na cikin jirgin ba. Na yi mata bayani daki-daki, tun daga rage gudun inji. Ba ta katse ni ba. Can na jiyo Rifkatu tana tambaya, aka gaya mata, sai dariyarta ta cika wayar. Da ta samu numfashi ta ce, "Baba, yi haƙuri. Muna isa za mu nemi jirgin da zai dawo da mu wurinka."

A nan ne gabana ya faɗi da gaske. Idan suka dawo, ranar ta tafi, gobe kuma sai filin jirgin sama. Ina neman kalmomin da zan ce kada su yi, sai uwar ta karɓe wayar.

"Ba inda za mu dawo," ta ce, muryarta a kwance. "Ga teku can ina hango shi. Rifkatu ta ce akwai wani jirgin ƙarfe biyu. Ka zauna inda kake. Idan ya zo, shiga za ka yi, Baban Rifkatu. Ba fito da mutane ba."

Ta kashe. Na ji haushi na kusan minti ɗaya, daga nan na ji wani sauƙi da ban taɓa jin irinsa ba.

Awa uku da rabi na yi a wannan tsibiri. Modu ya ba ni benci a inuwa, ya sa aka kawo mana shayi da soyayyen kifi, ya yi ta tambayata labarin gida: ko an gyara titin unguwarsu, ko har yanzu ana samun bandar kifi mai kyau a kasuwa. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsayar da shi ya ba shi labarina, har wasu mata masu sayar da kaguwa suka bar tirensu suka zo ganina. Samarin sun huce bayan kifi na biyu, suka koma kwaikwayon tafiyata a kan dandamali, ɗaya a gaba da kati a sama, biyu a baya. (Sun iya, ba zan ɓoye ba.) Ni kuma na yagi takarda na rubuta cewa rigar kariya guda ɗaya, mai ƙullalliyar igiya, tana hannuna bisa kuskure kuma za a mayar, na ce Modu ya sa hannu a matsayin shaida. Ya sa, hawaye na zubo masa.

Wajen ƙarfe uku saura na isa inda muka nufa tun safe. Na hango Maman Rifkatu tun daga nesa, ta tattare zani zuwa gwiwa, tana tsaye a cikin ruwa da kwakwa a hannu. Igiyar ruwa ta zo ta buge ta, ta yi tangal-tangal, ta ƙyalƙyale da dariya irin wadda rabona da ji tun kafin a haifi Rifkatu. Na matso da jawabin ban haƙuri da na tsara a jirgi mai sassa uku. Ko sashe na farko ba ta bari na gama ba.

"Ka san tun safe ba wanda ya gaya mini ƙarfe nawa?" ta ce. "Cire takalmin nan ka shigo. Safar ma ka cire."

Na cire, na naɗe ƙafar wando, na shiga. Ruwan ya janye rairayi daga ƙarƙashin ƙafata, na damƙe hannunta da ƙarfi a gaban jama'a, abin da ban taɓa yi ba ko a ranar aurenmu. Ita dai ta miƙo mini kwakwar.

Na koma ofis ranar Litinin, na tarar kantocin suna nan yadda na bar su, abin da ya ɗan ɓata mini rai. Darasin da na ɗauko daga Legas kuwa gajere ne, kuma ina aiki da shi a mota, a coci, har a gidan biki. Duk inda aka tsaya, kafin in miƙe sai na dubi Maman Rifkatu. Idan tana zaune, ni ma ina zaune.