Biko da Kwalin Bawul

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na sa surukina ya cire hularsa a zauren gidansa ba. Mutumin da tun da na auri 'yarsa ban taɓa ɗaga ido na kalli fuskarsa sosai ba, sai ga ni durƙushe a gabansa ina cewa, "Baba, in ba damuwa, a ɗan cire hular." Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Amma bari in faro daga farko, kada ku ɗauka rana ɗaya abin ya same ni.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Kalgo. Ba na kallon ƙwallo, ba na zaman majalisa, kuma ban iya hira mai tsawo ba. Abin da ya kama zuciyata shi ne sauti. Akwai wata 'yar na'ura da na saya, amfilifaya, girmanta kamar rabin bulo. Ana haɗa ta da waya, sannan a sa mata hedifon, irin manyan nan masu rufe kunne ruf. A samanta akwai bawul guda biyu, wato wasu 'yan kwalaben gilashi masu kama da ƙwan fitila, irin na cikin rediyon kakanninmu. In suka yi zafi sai cikinsu ya yi ja kamar garwashi. Abin da ya gigita ni shi ne, in ka zare bawul ka sa wani, sai sautin ya canza. Wani ya sa murya ta yi kauri, wani ya sa ta fito tas, wani kuma ya matso maka da mai waƙa har ka ji yana jan numfashi.

Tun daga nan na shiga tara bawul. Wasu daga Legas ake aiko min, in je tasha in karɓa a hannun direba. Wasu daga cikin matattun rediyo nake ciro su. Kowanne na naɗe shi da auduga na ajiye a kwali (ko takardun shaidar karatuna ban adana su haka ba). In na dawo daga makaranta, na ci abinci, sai in zauna in kashe na'ura, in jira bawul ya huce, in kama shi da tsumma in girgiza a hankali har ya fito, in daidaita ƙafafun sabon in dasa shi, in kunna, in jira ya yi ɗumi, in rufe ido. Haka zan yi ta yi har a kira magariba.

Duk wannan kuwa ina da mata. Saratu sunanta, 'yar Gwandu ce, na ɗauko ta daga gida mai cike da mutane na kawo ta Kalgo inda ba ta san kowa ba. Allah bai ba mu haihuwa ba tukuna, don haka gidan daga ni sai ita. Da farko takan zauna kusa da ni tana ba ni labari, ni kuma in ɗage hedifon daga kunne ɗaya. Daga baya na daina ɗagewa. Na ƙware wajen kallon bakinta ina gyaɗa kai, in na ga ta tsaya sai in ce, "Madalla."

Wata rana ta shigo ta tsaya a kaina tana magana. Na yi murmushi, na gyaɗa kai, na ce, "Madalla." Ashe cewa take yi an bugo mata waya, Innarta na kwance ba lafiya.

Washegari ta tafi Gwandu jinya. Inna ta warke, Saratu ba ta dawo ba.

Ban san gida yana da ƙara ba sai da ta tafi. Ashe duk lokacin da nake toshe kunnuwana akwai motsin kwanuka, akwai shara, akwai wata 'yar waƙa da take yi in tana tankaɗe. Yanzu in na cire hedifon babu komai, sai ƙadangare a kan rufin kwano. Na yi kewarta ƙwarai, irin kewar da ke sa mutum ya dafa shayi kofi biyu bai sani ba. Amma girman kai da tsoro suka haɗu suka zaunar da ni.

Ana nan sai ga saƙon murya daga wurinta, dogo. Na haɗa waya da na'ura, na sa hedifon. Sai na ji ta: "Salamu alaikum, Malam. Ina hwatan ka tashi lahiya. Ni ta, Saratu." Ta ja numfashi, sannan ta ce, "Akwai maganad da nike son in hwaɗa maka."

Nan na tsayar da shi. Zuciyata ta ba ni cewa abin da ke gaba takardar saki za ta nema, ni kuwa ban shirya jin wannan ba. Na ce bari in sake jin sallamar kawai. Da na sake ji sai malamin kimiyyar da ke cikina ya farka ya ce, muryar nan ta yi siriri, ba haka Saratu take ba. Na kashe, na canza bawul, na mayar da saƙon farko. Ta ɗan yi kauri, amma ta yi nisa. Na sake canzawa.

Ga uzurin da na ba kaina, kuma a wajen masu wannan harka gaskiya ne: in kana gwada bawul, guntun sauti ɗaya kake maimaitawa, don kunne ba ya riƙe abu mai tsawo. To guntuna ke nan, daga "salamu alaikum" zuwa "in hwaɗa maka". Na haddace duk abin da ke cikinsa. Akwai zabi suna kuka a bayanta. Akwai wata tana daka daga nesa. Akwai ƙyauren da iska ke kaɗawa. Don kada ta ce na yi banza da ita, na rubuta mata, "Na ji saƙonki, na gode." (Ku riƙe wannan, za ku ga aikin da ya yi min.) Daga ranar ta daina ɗaukar wayata.

Makonni suka shuɗe ina wannan aiki. Rannan na sa wani tsohon bawul da na ciro daga rediyon wani marigayi, na kunna, sai ga Saratu a ɗakin. Wallahi har juyawa na yi. Muryarta ce sak, da ɗan kaushin nan da take yi in ta tashi daga barci. Na zauna hawaye na zuba, na ce a raina, duk wanda ya ji wannan zai san ina son matata. Daga nan shawarar banza ta shigo: in je biko da na'urar, a ji da kunne.

Na sami ƙanen mahaifiyata, Kawu Sani, na roƙe shi ya raka ni. Ya yi murna, ya ce dama jira yake in yi hankali. Na sa na'urar da bawul a kwali na ɗaure a bayan mashin, na ɗora masa batirin kunna ta a cinya. Ya dubi kwalin ya ce, "Ka kyauta. Atamhwa da turare na?" Na ce masa abin ya fi atamfa. Bai sake tambaya ba, ni kuma ban ƙara bayani ba.

Mun isa Gwandu bayan la'asar. Muka cire takalma, muka durƙusa, aka gaisa. Kawu ya ajiye goro, ya yi magana irin ta manya, ya ba da haƙuri a kan laifin da bai ma san iyakarsa ba. Surukina, dattijo ne mai sanyin magana, ya saurara har ƙarshe. Ya sa aka kira Saratu, ta zo ta tsaya a bayan ƙyauren cikin gida, gefen hijabinta kawai nake gani.

Baba ya ce, "Ni ban riƙe ta ba. Ita tac ce ta aike mishi da magana, ya ce ya ji, kuma shiru."

A nan ya kamata in sunkuyar da kai in bar Kawu ya ci gaba. Sai na ji bakina yana cewa, "Baba, saƙon nan kullum sai na saurare shi. Bari ma a gani."

Na jawo kwali na buɗe. Na ga Kawu ya leƙa yana neman atamfa, ya ga auduga da wayoyi, ya ɗago ya dube ni, ya mayar da kansa ƙasa. Na haɗa batir, na dasa bawul, na tsaya jiran su yi ɗumi, zaure ya yi tsit ana kallon 'yan kwalabe suna yin ja. Sannan na ɗauki hedifon na matsa gaban surukina da gwiwoyi. Hularsa doguwa ce, hedifon ba zai zauna ba. Nan na faɗi maganar da na gaya muku a farko.

Ya dube ni, ya dubi Kawu. Sai ya cire hular a hankali ya ɗora a gwiwa. Ranar na fara sanin surukina yana da sanƙo.

Na fara sa masa da bawul na yau da kullum, don ya ji bambanci. Na tsayar a inda na saba. Na ce, "Yanzu a ji wannan." Cikin sauri na manta da tsumma, na damƙi bawul mai zafi da hannu. Na ƙone, amma gaban suruki ba a ihu, sai na haɗiye na yi murmushi ido na ruwa. Na dasa na marigayin, na mayar da saƙo farko. Ina ganin lokacin tsayarwa ya yi, na miƙa hannu zan taɓa wayar.

Baba ya ɗaga min tafin hannu.

Haka na janye hannuna na zauna. Dattijon nan ya rufe ido yana sauraron saƙon da 'yarsa ta aiko wa mijinta, ni mijin ina kallon fuskarsa ina neman labari. Na ga girarsa ta motsa. Ban san tsawon saƙon ya kai haka ba. Da ya ƙare ya cire hedifon da kansa, ya ajiye a tabarma, ya mayar da hularsa, ya gyara mata zama.

Ya ce, "Murya ta hito, Malam, ba laihi. To, mi tac ce a ƙarshe?"

Kawu ya zungure ni da gwiwar hannu, wai in yi magana. Duk abin da ke kaina na lalubo, abu ɗaya ne ya fito.

Na ce, "Baba, akwai kukan zabi a baya."

Daga bayan ƙyaure na ji wani ɗan sauti ya kuɓuce wa Saratu, sannan takunta ya yi cikin gida. Ni da nake taƙamar bambanta bawul da bawul da ido rufe, na kasa gane dariya ce ko kuka.

Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Cewa ya yi, "Tashi ka tahi, ɗana. Ka ji shi har ƙarshe, kana ka komo."

Muka kama hanyar gida ni da Kawu. Mun wuce Kambaza kaɗan na tsayar da mashin a gindin wata bishiya, na ce zan duba taya. Ya ce, "Duba ta har ƙarshe," ya juya min baya. Na matsa gefe, na ciro wayar, na kara ta a kunne haka nan, ba na'ura ba bawul, motoci na wucewa. Muryar ta fito siririya kamar daga cikin gwangwani.

"Inna ta samu sauƙi. Ni ba hushi nike yi ba, Malam, gajiya niy yi. Kalgo ban da kowa sai kai, kai kuma kana nan ba ka nan. In kana son in komo, ka taho ran Jumu'a in an sauko masallaci. Ba sai ka kawo kowa ba, ba sai ka kawo komi ba. Na haɗa kayana. In ba ka taho ba, na ji amsarka."

Na tuna Juma'ar. Ina tashar mota, ina jiran direban da zai kawo min sabon bawul. Ita kuma tana zaune da jakarta a ɗaure, da saƙona a wayarta: na ji, na gode.

Har yanzu da nake ba ku labarin nan Saratu ba ta dawo ba, kuma ban ga laifinta ba. Na'urar tana cikin kwalinta a ƙarƙashin gado. Gidan shiru, ni kaɗai nake cin abinci, in an ga dama a kira shi abinci. Duk Juma'a in an sauko masallaci sai in hau mashin in tafi Gwandu, ba kwali, ba Kawu (ya rantse ba zai sake raka ni ko'ina ba). Takan fito zaure ta zauna nesa kaɗan ta yi ta magana, wani lokaci a kan akuyar Inna, wani lokaci a kan abin da na yi mata. In ta gama sai ta ce, "Mi nic ce?" Ni kuma in maimaita tun daga farko, kamar ɗalibin da ya taɓa faɗuwa jarrabawa.

Abin da na koya ba shi da yawa: in matarka ta ce akwai maganar da take son faɗa maka, to maganar tana gaba, ba a cikin sallamar take ba, kuma babu bawul ɗin da zai ji maka ita.

Juma'ar da ta wuce, har na miƙe zan tafi, ta tambaye ni ko rufin kicin ɗinmu yana yoyo har yanzu. Ba ta ƙara komai ba, na tsaya na tabbatar ba ta ƙara ba. Ban san abin da take nufi ba, amma na gyara rufin.