Ranar da Shugaban Masana Rawa Ya Taka

Duk wanda bai taɓa ganin Shugaban Ƙungiyar Masana Rawa ba, bai ga ilimi ba tukuna. Mutum ne da Allah ya hore wa sanin rawa tun daga tushenta, har ya wuce matsayin ya taka da kansa. Ya rubuta littafi guda a kan girgiza kafaɗa, tasa kafaɗar kuwa ba ta motsi sai in zai gyara riga. Ya yi lacca a kan juyin ƙugu, amma in zai waiwaya sai kujerar ofis ta juya da shi. Ɗalibai suka laƙaba masa Sarkin Rawar Zaune. Da labari ya kai kunnensa, sai ya ɗauka sarauta ce, ya ce yaran nan sun san darajar manya.

A hannunsa ƙungiya ta bunƙasa. Akwai kwamitin shirya taro, akwai kwamitin duba aikin kwamitin shirya taro, akwai kuma na tarbar Shugaba daga mota. Ɗakin atisayen ƙungiya, mai daɓen katako da madubi bango guda, shi ma ya ga ci gaba: aka shimfiɗe katakon da kafet mai kauri, aka jera kujeru, aka kafa babban tebur. Madubin kaɗai ya tsira, saboda yana fuskantar kujerar Shugaba.

"Mu masana ne, ba 'yan tsalle-tsalle ba," in ji shi. "Shin masanin tsuntsaye tashi sama yake yi?"

Ni ba 'yar ƙungiya ba ce, tela ce. Na san su ne ta hanyar aminiyata, wadda muka tashi tare tun muna raba alli a aji ɗaya. Ita ta yi nisa a karatu har ta zama malamar rawa a jami'a, tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar. Ni nake ɗinka wa ɗalibanta kayan wasa. Ciwo ya kama ta a ƙafar hagu, ya yi ta hawa sama a hankali. Ba ta bar aji ba sai da ƙafar ta ƙi ɗaukarta. 'Yan ƙungiya sun yi ta zuwa dubiya, daga sakatariya har makaɗin da ke musu ganga. Shugaba ya aiko a ce yana can wani babban taro, yana gabatar da takarda a kan tausayi a cikin motsin jiki.

Kafin ta cika, ta riƙe hannuna ta ce, "Ƙawata, in za su tuna da ni, kada su cika surutu. A bar yarana na aji su taka abin da muka fara, kuma ki kawo Inna ta gani."

Inna, mahaifiyarta, ba ta taɓa ganin aikin 'yarta ba. Shekaru tana cewa wannan ba karatu ba ne, sai da ta rasa ta sannan ta ce tana so ta gani da idonta.

Na kai wa Shugaba wannan saƙo har ofis.

"Marigayiya ai ta hannun damana ce," ya ce, yana dafe ƙirji. "Ba wanda ya fahimce ta a duniyar nan kamar ni."

Sai ya juya, wato kujera ta juya da shi, ya tambayi sakatariya wace ce ita a cikin matan da ke hoton bango. Da aka nuna masa, ya girgiza kai cikin jimami, ya amince yara su yi rawar a taron shekara, bayan ɗan gajeren tsokacinsa.

Ranar taro na zo da Inna ɗakin atisayen nan mai kafet. Tsohuwa ce, kunnenta ya yi nauyi, daga nesa kuma ta taho, ƙanen marigayiya zai mayar da ita gida kafin rana ta yi sanyi. Na zaunar da ita a layin gaba. Yara suna bayan ƙofa cikin kayan da na ɗinka, makaɗi na rungume da gangarsa.

Shugaba ya miƙa gaisuwa ga manyan baƙi, sannan ga kujerun manyan baƙin da ba su samu zuwa ba. Ya ba da tarihin ƙungiya, wanda ya zo daidai da tarihin rayuwarsa. Ya sha ruwa, aka tafa. Yara suka jiƙe da gumi a bayan ƙofa. Ƙanen marigayiya ya leƙo, ya nuna mini agogo. Inna ta fara gyara mayafi irin na mai shirin tashi.

Sai Shugaba ya sa aka kunna bidiyon atisayenta na ƙarshe, wanda wata ɗaliba ta ɗauka da waya. Ga aminiyata nan a bango, ta rame, tana nuna wa yara taku.

"Ku lura da ƙafar hagu!" Shugaba ya buga tebur. "Kun ga yadda take jan ta a ƙasa? Idon jahili ba zai gani ba. Wannan sabon salo ne, ni na gano shi, na kuma raɗa masa suna Jinkirin Taku Mai Ma'ana. Jan ƙafar nan zumunci ne tsakanin ɗan'adam da ƙasa. Cije leɓen da take yi kuwa, tawaye ne ga tsohon tsari!"

Duk ɗakin aka sunkuyar da kai, domin kowa a wurin ya taɓa zama a bakin gadonta, ban da mutum ɗaya. Sakatariya ta ja masa gefen riga.

"Tambayoyi sai a ƙarshe," ya ce.

Daga nan ilimi ya ɗebe shi. Abin da ba a taɓa gani ba tun kafuwar ƙungiya ya faru: Sarkin Rawar Zaune ya miƙe. Ya zagayo gaban tebur, ya tattare riga, ya shiga jan ƙafar hagu a kan kafet, yana cije leɓe, yana satar kallon kansa a madubi. Ya je, ya dawo. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Inna ba ta ji ko kalma ɗaya daga laccar ba, amma idonta garau yake. Ta kama hannuna, ta yi magana da ƙarfi irin na masu nauyin kunne.

"'Yar nan, wannan bawan Allah shi ma ciwon ne?" Ta ɗaga murya wajensa. "Ɗana, kada ka yi wasa da shi! Haka tawa ta fara, tana jan ƙafa tana cije baki don kada yaranta su gane. Ku kai shi asibiti da wuri, jama'a. Mu mun makara."

Shugaba ya daskare da ƙafa ɗaya a baya. Bakinsa ya buɗe, ba abin da ya fito. Wannan shi ne shiru na farko da aka taɓa samu a jawabinsa, makaɗi kuwa bai bari ya wuce ba. Ganga ta tashi. Yara suka turo ƙofa, masana da kansu suka kwashe kujeru, aka naɗe kafet ɗin nan aka jingine shi a bango. Katako ya sake jin tafin ƙafa.

Suka taka. Ba jan ƙafa, ba jinkiri mai ma'ana. Ƙafafu biyu lafiyayyu kowa ke tashi da su, kamar yadda take yi kafin ciwo ya zo. A juyin hannunsu ita nake gani. Inna ta manta da mayafi, tana kaɗa kai, hawaye na bin kumatunta.

"Ashe abin da take yi ke nan," ta ce. "Ashe haka yake da kyau."

Na riƙe hannunta.

Shi kuwa gwanin namu, hanya biyu ta rage masa: ko ya yarda ya kwaikwayi ciwon matacciya a gaban uwarta, ko ya karɓi ciwon. Da yake mai zurfin tunani ne, ya zaɓi ciwo. Ya dafe gwiwa, ya yamutsa fuska, ya rataya a kafaɗar sakatariya, ya nufi ƙofa yana ɗingishi, yana amsa sannu da kai irin na manyan majinyata.

Inna ta bi shi da kallon tausayi. Can ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! 'Yar nan, duba, har ya koma masa ƙafar dama."